Koyon Ispaniyanci a Garin Masu Shi: Darasi ga Matasan Madawa, Buza da Keita

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, tashoshin mota na Madawa, Buza da Keita sukan cika da samari masu shirin tafiya bida. Wasu su nufi Abijan, wasu Kwatanu ko Akara, wasu Kamaru, wasu kuwa su yi arewa zuwa Libiya da Aljeriya. Idan damina ta kawo kai suka komo gida, ban da tufafi da kuɗin sayen iri, akwai wata tsarabar da suke zuwa da ita wadda ba a ɗaure ta cikin kaya, wato harshe. Wani ya dawo yana jin Julanci, wani Yarbanci, wani Larabcin Libiya. Dillalan albasar kwarin Tarka ma haka suke, da yawansu suna ciniki da harshe uku ko huɗu, alhali ba su taɓa zama a benci ba.

Wannan dabara ta koyon harshe ta hanyar zama cikin masu shi, ana ci tare ana sha tare, ita ce yau manyan makarantun Turai da Amurka suke sayarwa da tsada. Ɗalibi ya bar ƙasarsa, ya sauka gidan mutane, ya yi wata uku ko shekara guda ba ya jin kome sai harshen da ya zo nema. Daga cikin harsunan da aka fi yi wa irin wannan tafiya akwai Ispaniyanci, wanda ƴan lise suke kira Espanyol. Mutanen Adar da Gobir Tudu sun riga sun san dabarar. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a bi ta har a dawo da abin da zai amfani mutum da ƙasarsa.

Me ya haɗa jahar Tawa da wannan harshe?

Bayan yunwar 2005, ƙungiyoyin agaji da dama sun shigo jahar Tawa, kuma wasu daga cikinsu daga Ispaniya suka fito. Reshen Ispaniya na ƙungiyar likitoci ta MSF, mai mazauni a birnin Barsalona, ya kama aiki a Madawa a 2006, ya kuma yi shekaru yana aiki a Buza, wajen jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. A Keita kuwa, inda tun 1984 aka saba da mutanen Italiya ta dalilin babban aikin raya karkara da tsare ƙasa daga zaizaya, reshen Ispaniya na ƙungiyar yaƙi da yunwa ta ACF ya yi aiki bayan waccan yunwa. A 2007 gwamnatin Ispaniya ta yanke shawarar buɗe ofishin jakadanci a Yamai. Aikin yau da kullum na waɗannan ƙungiyoyi da Faransanci da Hausa aka yi shi, amma manyan ofisoshinsu suna Barsalona da Madirid. Ma'aikacin jinya ko mai lissafin kuɗi da ya ji harshen can yana da ƙofar da abokan aikinsa ba su da ita.

Harshen kansa ba ƙarami ba ne. Kimanin mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a bakin uwa, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20. Mafi yawan masu jin sa ba a Ispaniya suke ba, suna nahiyar Amurka, inda ƙasar Meksiko kaɗai ta ninka Ispaniya yawan jama'a fiye da sau biyu. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yana cikin harsunan Tarayyar Afirka. A Kodibuwa da Benin da Senegal da Kamaru, ɗalibai dubu ɗaruruwa suke karatunsa a makarantun sakandare. Ke nan ƴaƴan Adarawa mazauna Abijan da yawansu sun riga sun haɗu da shi a aji.

Akwai kuma tsohuwar dangantaka. Daga shekara ta 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar da littattafan malamai suke kira Andalus. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da suna Leo Afrikanus, a birnin Garnaɗa aka haife shi, kuma cikin littafinsa da aka buga a 1550 ya ba da labarin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Wancan zama na ƙarni takwas ya bar kalmomin Larabci kimanin 4,000 cikin Ispaniyanci, wasu kuwa Bahaushe zai gane su da jin farko. Magajin gari suna ce masa alcalde, asalinsa ɗaya da alƙali. Sukari shi ne azúcar, zaitun aceituna, ladan almuédano. Idan suna fatan wani abu ya tabbata sukan ce ojalá, kalmar da ta samo asali daga faɗar Larabawa ta in Allah ya so.

Yadda ake koyo a garin masu harshe

Birnin Salamanka na Ispaniya shi ne ya fi suna a wannan fanni. An kafa jami'arsa a 1218, a can ne aka buga littafin nahawun Ispaniyanci na farko a 1492, aikin malam Antonio de Nebrija, kuma tun 1929 jami'ar take karɓar baƙi masu zuwa koyon harshe. Tsarin da aka saba bi a can da sauran garuruwa shi ne awa huɗu na aji da safe, kwana biyar a mako. Sauran yini kuwa ɗalibi yana cikin gari. Mafi yawa akan saukar da shi gidan wani iyali, ya ci abinci tare da su, ya je kasuwa, ya shiga motar haya, ya tambayi hanya. Malami yana ba da ƙa'ida da safe, gari yana tilasta aiki da ita da rana. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ga Bahaushe akwai sauƙi ta wurare da dama. Wasulan Ispaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da na Hausa, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Wanda ya koyi karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta shafin Ispaniyanci da ƙarfi bayan ƴan kwanaki, ko da bai san ma'anar ba tukuna. Harafin r mai kaɗawa, wanda yake wahalar da Faransawa da Ingilishi, yana bakin Bahaushe tun yana yaro. Harafin j ana furta shi kamar kha ta Larabci, wadda duk almajiri ya sani. Suna raba namiji da tamata kamar Hausa, kuma galibin kalmomin tamata da a suke ƙarewa. Wanda ya yi lakol kuwa zai tarar kalmomi da yawa ƴan uwan na Faransanci ne, domin harsunan biyu daga Latin suka fito.

Wahala tana wurin aikatau, wanda yake sake kama ga kowane mai aiki da kowane lokaci, sai an haddace. Sai kuma bambanta p da f, abin da Hausa ba ta damu da shi ba. Sai saurin magana, wanda littafi ba ya koyar da shi. Mutumin Madirid yana furta z kamar tha ta Larabci, mutumin Meksiko yana furta ta kamar s, mutumin Kuba kuwa sau da yawa yakan haɗiye s ta ƙarshen kalma. Kunne ba ya sabawa da wannan sai an zauna da mutane.

Al'adu ma darasi ne. A Ispaniya abincin rana yakan kai ƙarfe biyu ko uku, na dare ƙarfe tara ko goma. Ana ce wa tsara tú, ana ce wa babba ko baƙo usted, kamar yadda Bahaushe yake ce wa dattijo ku. Naman alade yana cikin abinci da yawa, a Ispaniya da Kuba duka, saboda haka Musulmi ya kamata ya riƙe kalmomin cerdo, jamón, tocino da manteca tun ranar farko, ya kuma gaya wa masu masaukinsa cikin ladabi abin da ba ya ci. Akwai masallatai: babban masallacin Madirid an buɗe shi a 1992, na Garnaɗa a 2003, a Habana ta Kuba kuma an buɗe wani a 2015.

A ƙarshe akwai jarrabawa. Takardar shaidar da aka fi amincewa da ita sunanta DELE, an ƙirƙiro ta a 1988, tana da matakai shida daga A1 zuwa C2. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Ispaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, ita ce take shirya ta. Cibiyarta ta farko a Afirka kudu da Sahara an buɗe ta a Dakar a watan Disamba na 2021.

Darasin Kuba

Zama a Salamanka yana cin kuɗin da manomin Buza ba ya da shi. Wata hanyar da ƴaƴan talakawan Afirka suka bi zuwa wannan harshe ita ce bursun karatu ta ƙasar Kuba. A watan Nuwamba na 1999 Kuba ta buɗe makarantar koyon aikin likita mai suna ELAM a gefen birnin Habana, domin ɗaliban ƙasashe matalauta, ba tare da biyan kuɗin karatu ba. Ɗaliban Nijar suna cikin waɗanda suka yi karatun likita a wannan tsibiri, kamar yadda likitocin Kuba suka yi aiki a asibitocin Nijar. Ɗalibin da ya iso ba ya jin harshen yakan fara da watanni na koyon Ispaniyanci da share fagen kimiyya, sannan ya shiga karatun shekara shida. Yana kwana ɗaki ɗaya da ƴan wasu ƙasashe, kuma idan ya kai ga shiga asibiti, marasa lafiya da Ispaniyanci suke gaya masa inda ke yi musu ciwo. Irin wannan ɗalibi ba ya da mafaka, dole harshe ya zauna.

Amma akwai wani labari na maƙwabta da ya kamata iyaye da hukuma su riƙe. Tun daga 1977 Kuba ta buɗe makarantun kwana na yaran Afirka a wani tsibiri da aka sa wa suna Tsibirin Matasa a 1978. Yara suna rabin yini a aji, rabin yini a gonakin lemu. A 1986 shugaban Burkina Faso, Toma Sankara, ya tura yara 600, galibinsu marayu da ƴaƴan talakawan karkara, domin su koyi sana'o'in da ƙasar take bukata. Ranar 15 ga Oktoba 1987 aka kashe shi. Yaran sun ci gaba da karatu, sun ji Ispaniyanci kamar ƴan ƙasa, sun sami shaidar aikin gona da jinya da gyaran injuna. Da suka fara komowa cikin shekarun 1990, sai suka tarar ba a shirya musu kome ba. An daɗe ba a daidaita takardunsu da na gida ba, da yawansu suka rasa aikin da ya dace da iliminsu. Wasu da suka tafi suna ƙanana sun dawo Faransancinsu ya yi rauni, harshen uwa ma ya yi nauyi a bakinsu.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, harshe da takarda ba su da amfani in ƙasar da ta tura mutum ba ta tanadi wurin da za ta sa shi ba. Na biyu, wanda ya nutse cikin harshen wasu yana ƙarami, in ba a kula ba, sai ya sayi sabo da farashin tsoho.

Darasin zango

A nahiyar Afirka ƙasa ɗaya ce take da Ispaniyanci a matsayin babban harshen hukuma, ita ce Gine Ekwatoriyal, wadda ta sami ƴancin kai daga Ispaniya ranar 12 ga Oktoba 1968. Tana maƙwabtaka da Kamaru da Gabon, ƙasashen da ƴan bidar jahar Tawa suka sani sarai. Tun zamanin mulkin mallaka Hausawa fatake suka zauna a biranen Malabo da Bata. Bisa yarjejeniyar 1942 dubban leburori daga Najeriya sun yi aiki a gonakin koko na tsibirin Fernando Po, wanda suke kira Panya, har lokacin da aka kwashe su gida tsakanin 1975 da 1976 saboda musgunawar gwamnatin Masiyas Ngema. Da aka fara haƙar man fetur cikin shekarun 1990, baƙi daga Afirka ta Yamma suka sake kwarara can.

Sai dai zama a ƙasar masu harshe daban yake da zama cikin masu harshe. Baƙon da ya sauka zango, mai masaukinsa Bahaushe, mai abincinsa Bahaushiya, limaminsa Bahaushe, zai iya shekara goma bai wuce gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba. A Malabo ma harshen kasuwa wani gaurayen Ingilishi ne da ake kira Pici, wanda yake kama da na bakin tekun Najeriya, saboda haka ana iya ciniki ba tare da Ispaniyanci ba. Zango rahama ne ga baƙo, shi ke ba shi tabarma da ruwan sha da mai tsaya masa. Amma mai neman harshe tilas ya fita daga cikinsa kowace safiya. Haka abin yake ga ɗaliban da suka je Turai suka haɗu ɗaki ɗaya da ƴan garinsu, ko suka kwana suna hira da gida ta wayar salula. Jikinsu yana can, kunnensu yana Adar.

Hanyar hamada ba makaranta ba ce

Akwai masu ruɗar samari cewa in dai an taka ƙasar Ispaniya, harshe da aiki da takarda za su zo da kansu. Jahar Tawa tana kan hanyar Agadas, kuma kowa ya san abin da wannan hanya take ci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, galibi mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Ranar 24 ga Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Meliya, wani gari na Ispaniya da ke gaɓar Maroko. A 2024 fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, dubbai kuwa teku ta cinye su. Waɗanda Aljeriya take korowa ana zubar da su kusa da Asamaka, su ƙarasa da ƙafa.

Wanda ya tsira ya isa ma, sau da yawa yakan ƙare a gonakin rumfar leda na lardin Almeriya, yana tsinkar tumatir, yana kwana a bukkoki tare da baƙi irinsa, yana ɓuya daga ƴan sanda. Wannan shi ne zango mafi ƙunci. Mai tsoron a tambaye shi takarda ba ya buɗe baki ya yi hira da ɗan gari, kuma wanda ba ya hira ba ya koyon harshe.

Kafin a ɗaura kaya

Ga saurayi ko budurwar da ke da wannan niyya, abubuwa huɗu ne ya kamata a tanada.

Na farko, tushe. A tafi da karatu da rubutu a hannu, ko na Hausa ko na Faransanci, a kuma fara koyon gaisuwa da ƙidaya da aikatau na yau da kullum tun a gida, ta littafi ko rediyo ko intanet. Wanda ya isa da kalma ɗari uku ya fi wanda ya isa bebe saurin kama hanya. Ɗan bida yana koyo da kunne kaɗai, shi ya sa yake iya ciniki amma ba ya iya rubuta wasiƙa. Mai kaye da alƙalami yana rubuta abin da ya ji da rana, ya maimaita da dare.

Na biyu, ƙofar gaskiya. Bursun ƙasashen waje ta hannun hukumar ANAB da ke Yamai ake neman ta, bayan an ci bak. Mai zuwa Ispaniya da kuɗinsa yana bukatar fasfo, da takardar makarantar da ta karɓe shi, da shaidar abin da zai ci, da inshorar lafiya. Zaman da ya wuce kwana 90 yana bukatar bizar karatu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a ɓoye zai samo biza, a guje shi.

Na uku, zama cikin mutane. A zaɓi gidan iyali ko ɗakin da ba ɗan gida a ciki. A shiga ƙwallo da samarin unguwa, a je kasuwa, a yi tambaya ko da za a yi dariya. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai jin kunyar kuskure bakinsa ba ya buɗewa.

Na huɗu, dawowa da shaida. A zauna jarrabawa a karɓi takarda, a kuma bincika tun kafin tafiya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi za ta amince da dipilom ɗin da za a samo.

Hukuma ma tana da nata kaso. Ya dace a san adadin ƴan jahar da suka yi karatu a Kuba da Ispaniya da sauran ƙasashen wannan harshe, a san inda suke, a yi amfani da su wajen tafinta da koyarwa da jinya. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da lise na Madawa da Buza da Keita wurare ne da za a iya ba matasa tushen harshen kafin su tashi. Shugabannin gundumomi da sarakuna da limamai kuwa su ne za su fi kowa iya gaya wa iyaye bambancin tafiyar karatu da tafiyar hamada.

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara nauyi a kan duk wanda ya je ya koyo harshen waje. Likitan da ya yi karatu a Habana zai duba mara lafiya a asibitin Buza da Hausa. Masanin aikin gona da ya ga yadda ake tattalin ruwa a busasshiyar ƙasar Almeriya, da Hausa zai bayyana wa masu noman albasa na Tarka da Magiya. Ilimin da ya tsaya cikin Ispaniyanci na mutum ɗaya ne. Sai an juya shi zuwa harshen gida yake zama na jama'a.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su da abin da suka je nema.